Wa Ya Kamata Ya Riƙe Ragamar Ƙungiyar Masu Jinyar Cutar Mantuwa?

 Yau maganarmu a kan cutar mantuwa ce, wadda da yawanmu muka fi sani da gigin tsufa. Sai dai ba ta ɓangaren magani zan biyo ba. Tambayar da na zo da ita ita ce: idan iyalan da wannan lalura ta shiga gidajensu suka haɗa kai suka kafa ƙungiya don taimakon juna, wa ya dace ya shugabance ta? Likita, ko jami'in gwamnati, ko ma'aikacin da aka ɗauka da albashi, ko kuwa mutanen da suka yi jinyar da hannunsu, suna aikin sa-kai ba a biyansu ko kwabo? A ganina masu jinyar ne suka fi cancanta, kuma zan kawo hujjata daga Japan, ƙasar da kusan mutum 29 cikin kowane 100 sun kai shekara 65 ko sun haura, wadda ta riga yawancin duniya shan wannan gwagwarmaya.

Mu fara da sanin inda nauyin yake sauka. Cutar mantuwa lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce da ke ci gaba a hankali, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba. Nau'in da ya fi yawa shi ne na Alzheimer, sunan likitan Jamus ɗin da ya bayyana shi a 1906, wanda ke ɗaukar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu lalurar. Akwai kuma wadda ke biyo bayan toshewar hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa, mai alaƙa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da cutar, ana samun sababbi kusan miliyan 10 kowace shekara, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. Lissafin hukumar na 2019 ya nuna cutar ta ci wa duniya kimanin dala tiriliyan 1.3, kuma kusan rabin wannan kuɗin kimar wahalar da 'yan uwa ke yi ne a gida ba tare da lada a aljihu ba. Mata ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na sa'o'in wannan jinya. Har yau babu maganin da ke warkar da cutar. Waɗanda ake da su suna sassauta alamu ne ko rage mata gudu kaɗan. To idan likita yana ganin mara lafiya na 'yan mintoci sau ɗaya a wata ko a wata uku, sauran kwanakin duka, dare da rana, yana hannun matarsa ne, ko 'yarsa, ko matar ɗansa. Ilimin yadda ake rayuwa da wannan cuta a wurinsu yake taruwa, ko an rubuta shi ko ba a rubuta ba.

A watan Janairun 1980, a birnin Kyoto, kimanin mutum 90 da ke jinyar tsofaffi masu mantuwa suka taru a ɗaki ɗaya. A lokacin Japan ba ta da wani tsari na musamman ga irin waɗannan tsofaffi. Gidajen kula da tsofaffi kan ƙi karɓarsu, asibiti kan ce babu abin da za a yi, iyali kuma su ɓoye lamarin saboda kunya. Wani likita mai suna Kazuteru Hayakawa yana cikin waɗanda suka ƙarfafa musu gwiwa su haɗu, amma da aka zo zaɓen shugaba, ba likita aka ɗora ba. An ɗora Kunio Takami ne, ma'aikacin gwamnatin lardin Kyoto da ke jinyar matar da ta raine shi. Ƙungiyar da aka haifa a ranar ta bazu har ta yi reshe a dukkan larduna 47 na ƙasar, da mambobi wajen 10,000, kuma masu tafiyar da rassan nan galibinsu 'yan sa-kai ne da suka yi jinya ko suke cikinta.

Ayyukan da ta tsaya a kansu guda uku ne: zaman tattaunawa na iyalai, mujallar wata-wata, da layin waya na ba da shawara. Wani zai ji ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. Amma ku dubi abin da ake faɗa a irin wannan zama. Mace ta ce surukarta na zarginta da satar kuɗi kullum, har ta fara tunanin barin gidan. Sai wata da ta wuce wannan mataki ta gaya mata cewa zargin sata alama ce sananniya ta cutar, kuma ya fi faɗawa kan wanda ya fi kusa da mara lafiyar. Kada ta tsaya musu, ta ce mu nema tare, ta bari tsohuwar ta gano jakar da hannunta. Wani ya ce mahaifinsa da la'asar ta yi sai ya ɗauki hula ya ce zai tafi gida, alhali yana cikin gidan da ya gina. Sai a ce masa kada ya tare ƙofa da faɗa, ya raka shi su ɗan zaga su dawo. Yadda ake shawo kan wanda ya ƙi wanka, yadda ake amsa wa wadda ke tambayar mijinta da ya rasu shekara ashirin, yadda mai jinya zai yi da fushin da ke taso masa da ƙarfe ukun dare sannan ya kwana yana nadama: duk waɗannan sun fi shiga kunne idan suka fito daga bakin wanda ya ɗanɗana. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shugaban da ya fito daga cikin wannan ɗaki, in aka zauna raba ɗan kuɗin da ƙungiya ta samu, ya san cewa hutun yini ɗaya ga mai jinya ya fi babban taro a otal amfani, kuma zai tsaya a kan haka ko da taron ne zai jawo 'yan jarida.

Akwai wata shari'a da ta nuna amfanin wannan murya fiye da duk wani bayani. A watan Disamban 2007, a garin Obu na lardin Aichi, wani dattijo ɗan shekara 91 mai cutar mantuwa ya fice daga gida a 'yan mintocin da matarsa, mai shekara 85, ta yi gyangyaɗi. Ya shiga kan layin dogo, jirgi ya buge shi ya rasu. Kamfanin jirgin, JR Central, ya kai iyalin ƙara yana neman kimanin yen miliyan 7.2 na asarar jinkirin jirage. A 2013 kotun farko a Nagoya ta ce a biya duka. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa rabi, ta ɗora wa matar. Ku yi tunanin saƙon da wannan hukunci ke aika wa kowane gida mai irin wannan tsoho: ko ka garƙame shi a ɗaki, ko ka shirya biyan diyya. Ƙungiyar iyalan nan ta Kyoto ta fito fili ta soki hukuncin, ta bayyana wa jama'a abin da duk mai jinya ya sani, cewa babu ɗan Adam da zai iya tsare wani sa'a 24 ba runtsawa, kuma ɗaure mara lafiya ko kulle shi zalunci ne da ke ƙara masa ruɗewa. A ranar 1 ga Maris 2016 Kotun Ƙoli ta wanke iyalin. Ba zan ce ƙungiyar ce kaɗai ta jawo wannan sakamako ba, domin lauyoyi da likitoci da 'yan jarida duk sun taka rawa. Amma kalmomin da suka sauya tunanin ƙasar kan abin da ake iya nema daga iyali, daga bakin masu jinya suka fito. Bayan haka garuruwa irin su Obu da Kobe suka kafa inshorar da ke biyan irin wannan asara a madadin iyali. Kobe ta ƙara yen 400 a shekara a kan harajin mazauna birnin don ɗaukar nauyin tsarin. Kuma matsalar ba ƙarama ba ce, domin a 2023 kaɗai 'yan sandan Japan sun karɓi rahoton ɓatan masu cutar mantuwa fiye da 19,000.

Ba a Japan kaɗai abin ya kasance haka ba. Masu jinya ne suka assasa irin wannan ƙungiya a Birtaniya a 1979. A Amurka, ɗan kasuwar Chicago Jerome Stone ya jagoranci kafa tasu a 1980 saboda lalurar matarsa. A Indiya, Dakta Jacob Roy ya kafa tasu a Kerala a 1992 bayan cutar ta kama mahaifinsa. Likita ne, amma ta ƙofar jinya ya shigo.

Yanzu bari in saurari masu ja da wannan ra'ayi, domin suna da maganganu masu nauyi. Na farko zai ce: wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, yaya za a miƙa ragama ga wanda bai karanta likitanci ba, ba za a wayi gari ana raba shawarar banza da maganin gargajiya marar tushe ba? Tsoron yana da dalili. Akwai ruɗewar da ba cutar mantuwa ba ce, kuma ana warkar da ita: wadda ciwon mafitsara ko zazzaɓi ke kawowa, ko ƙarancin sinadarin B12, ko matsalar maƙoƙo, ko baƙin ciki mai tsanani, ko haɗuwar magunguna da yawa. Tsohon da ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, asibiti ake kai shi nan take. Ɗan sa-kai da bai san wannan ba zai iya jawo asarar rai. Sai dai maganin haka shi ne horo da sanin iyaka, da ajiye likita kusa da shugabanci a matsayin mai ba da shawara, kamar yadda aka yi a Kyoto tun ranar farko. Bincike ma ya nuna cewa taimakon da ya fi tasiri ga iyali ba sai ƙwararren likita ne zai ba da shi ba. A Jami'ar New York, Mary Mittelman da abokan aikinta sun bi ma'aurata 406 masu jinyar abokan zamansu tun daga 1987. Waɗanda aka ba wa zaman shawara shida, aka haɗa su da rukunin masu jinya irinsu, aka ba su damar kiran waya duk lokacin da suka matsu, sun iya riƙe majinyatansu a gida kimanin shekara ɗaya da rabi fiye da sauran. A Goa ta Indiya kuma, wani gwaji da aka buga a 2008 ya horar da mutanen gari da ba ma'aikatan lafiya ba su riƙa ziyartar gidaje ƙarƙashin kulawar likitan ƙwaƙwalwa, kuma damuwar masu jinya ta ragu a zahiri. Likita shi ke gano cuta ya rubuta magani. Shugabancin ƙungiya kuwa aikinsa zaɓen abin da za a sa a gaba, kuma a nan sanin yau da gobe na jinya ya fi takardar shaida.

Na biyu zai ce: kuna yabon aikin sa-kai, gwamnati kuma za ta ji daɗi ta naɗe hannu ta bar wa talakawa nauyin da yake nata. Wannan ita ce sukar da na fi ɗauka da muhimmanci, domin ta sha faruwa a fannoni da yawa. Amma tarihin ƙungiyar Kyoto ya nuna akasin haka. Tun shekarunta na farko take kai wa ma'aikatar lafiya koke a rubuce cewa jinya ba za ta zama nauyin iyali kaɗai ba. A watan Afrilun 2000 Japan ta fara inshorar kula da tsofaffi ta ƙasa, wadda kowa ke biya daga shekara 40, kuma wakilan ƙungiyar suna zama a kwamitin da ke ba gwamnati shawara a kan tsarin. Da aka taso da maganar rage abin da inshorar ke biya a 2022, ƙungiyar ta tara sa hannun dubban mutane, gwamnati ta ɗage shawarar. A 2023 majalisar ƙasar ta zartar da babbar doka kan cutar mantuwa, ta fara aiki a Janairun 2024. A nan ne rashin albashi ke zama ƙarfi. Ma'aikacin da abincinsa ya rataya a kan kwangilar gwamnati ko tallafin wata hukumar waje dole ya auna kalamansa. Matar da ta yi shekara takwas tana wanke mijinta ta kuma binne shi, ba abin da za a janye mata don ta faɗi gaskiya a gaban minista.

Na uku zai kawo maganar gajiya da riƙe kujera, kuma a nan ba zan musa ba. Wanda ke tsakiyar jinya ba shi da lokacin barci, balle na taron kwamiti. Abin da ya raya rassan Japan shi ne waɗanda suka gama jinyar, majinyacinsu ya rasu, suka zaɓi su tsaya don na baya kada su sha abin da suka sha. Su ne ƙashin bayan shugabancin sa-kai, amma su ma suna tsufa, kuma ƙungiyar da ba ta tarbiyyantar da magada za ta mutu tare da waɗanda suka kafa ta. Takami ya riƙe shugabanci daga 1980 har zuwa 2017, shekara 37. Ya yi aikin da tarihi zai tuna, amma ba zan ba kowace ƙungiya shawarar ta kwaikwayi wannan tsawon ba, domin ba kullum ake dacewa da irinsa ba, kuma kujerar da aka daɗe a kanta takan sa mutum ya fara ɗaukar ƙungiya tamkar gadonsa. A rubuta wa'adi tun ranar kafuwa. A raba mai karɓar kuɗi da mai sa hannun fitar da su, a karanta lissafi a gaban mambobi kowace shekara, domin amana ce kaɗai jarin irin wannan ƙungiya. In aiki ya yi yawa a ɗauki ma'aikata da albashi su riƙe ofis da littattafai. Ba laifi ba ne, matuƙar dai 'yan sa-kai na kwamiti ne ke ɗaukarsu kuma a gabansu suke ba da bayani. Sannan akwai wani gyara da ƙungiyar Kyoto ta yi wa kanta wanda ya cancanci yabo. Bayan babban taron duniya kan cutar da aka yi a birnin a 2004, inda masu lalurar da kansu suka hau dandamali suka yi magana, ƙungiyar ta sauya sunanta a 2006 ta sa masu cutar a gaban iyalansu. Mutumin da ke matakin farko na mantuwa yana da ra'ayi a kan rayuwarsa, kuma wani lokaci abin da ya fi wa iyali sauƙi ba shi ne ya fi masa alheri ba.

Saura mai ja na huɗu, kuma na san yana cikin masu saurarona yanzu. Zai ce wannan matsalar Japan ce da Turai, mu nan ba ma yar da iyayenmu, addini da al'ada sun riga sun ɗora mana kula da su. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma cutar tana nan tare da mu. Binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indianapolis da aka fara a 1992 ya same ta a cikin tsofaffin Ibadan, ko da yake ba ta kai yawan ta Amurka ba. Wani binciken da aka yi a Zariya aka buga a 2011 ya same ta a kusan tsofaffi 3 cikin 100. Ƙungiyar Alzheimer ta duniya ta ƙiyasta masu cutar a Afirka kudu da Sahara sun kai miliyan 2.13 a 2015, kuma za su haura miliyan 7 nan da 2050, ga hawan jini da ciwon sukari suna ƙaruwa a garuruwanmu. Sannan idan muka ce iyali na kula, mu tambayi kanmu wane ne iyalin. Sau da yawa mace ɗaya ce, matar ɗa ko 'yar da aurenta ya mutu, ko jikanyar da aka cire daga makaranta, sauran dangi kuma su zo gaisuwa su tafi, wasu har da ƙorafin ba a kula da Baba yadda ya kamata. Ita ba ta da wanda za ta faɗa wa cewa ta gaji, domin faɗin haka kamar saɓo ne a kunnen mutane. Inda babu sani kuma, sai a ce sammu ne ko iska, a kashe dukiya wurin neman karya asiri. Mafi muni, tsohuwar da ta fita tana sambatu a unguwar da ba a san ta ba za a iya yi mata ƙazafin maita. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma asibitoci irin na Kaduna da Maiduguri da Kware sun yi wa yawancin ƙauyuka nisa. Ƙasar da likitoci suka yi mata ƙaranci haka ta fi Japan bukatar iyalai su koyar da juna.

Kuma ba daga sama za a faro ba. Mun san aikin gayya, mun san adashi, mun san ƙungiyoyin unguwa da ke haɗa kuɗin gyaran maƙabarta da kai mara lafiya asibiti. Gida biyar ko shida masu irin wannan jinya sun isa a fara zama sau ɗaya a wata, a makarantar Islamiyya ko harabar coci ko zauren mai unguwa, a nemi ma'aikacin jinya ko likita ɗaya ya riƙa leƙowa. Abin da zan jaddada shi ne a bai wa mata kujerun yanke shawara na gaske, tunda su ke yin aikin. Kada a tara dattawa maza a kan shugabanci a bar masu wanki da ba da abinci a bayan labule, domin in aka yi haka an rasa ainihin ilimin da aka kafa ƙungiyar dominsa. A sa lokacin zama daidai da lokacin da mai jinya za ta iya fita, a shirya wanda zai zauna da majinyacinta har ta dawo. In ƙungiya ta yi ƙarfi ta yi rajista, tana da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a Najeriya, wato Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa da ta fara aiki a 2021.

Aikin farko da za ta iya ɗauka ma yana da alaƙa da gidajen rediyo irin wannan. Kuna jin cigiyar dattijon da ya fita tun safe bai dawo ba, ana faɗin kalar rigarsa, ana cewa ba ya iya faɗin sunan unguwarsu. Da yawan irin waɗannan masu cutar mantuwa ne. Ƙungiyar iyalai za ta iya ajiye hoton kowane majinyaci da lambar wayar danginsa da yardarsu, a ɗinka lambar a cikin rigarsa, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a zauna da shugabannin 'yan acaɓa da masu adaidaita-sahu da na tasha a koya musu yadda ake gane irin wannan tsoho da yadda ake yi masa magana: a tsaya a gabansa inda zai ga fuska, a yi sallama cikin natsuwa, tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, a ba shi ruwa, a duba rigarsa kafin a kira lambar.